Alli a Ƙofar Kabad

Ranar Talata da hantsi ya ɗiga jinin matarsa a ɗan gilashi, ya sa a ƙarƙashin madubin gwaji, ya ga abin da zai kashe ta.

Shekara ashirin da shida yana aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya sa hannu a takarda sai ya duba sau biyu. Sau ɗaya ido na iya ruɗi, sau uku kuwa ɓata lokaci ne. Shi ya sa matar take ce masa Malam Sai-na-gani. Ko ruwa ta ce ana yi, sai ya miƙa hannu ta taga. Shi kuma Tela yake ce mata, don ɗinki ne sana'arta. Ita komai "Allah na nan" ne, har in zare ya ƙare.

Ran nan ya duba sau biyu. Fararen ƙwayoyin jini sun cika gilashin maƙil kamar 'yan kallo. Ya wanke hannu, ya ɗauko wani gilashin. Sai da ya yi sau tara.

Da ya koma gida ta ɗago kai daga keken ɗinki. "To, Sai-na-gani, ka gani?"

"Likita zai yi bayani."

"Kai fa na tambaya."

"Ƙarancin jini ne."

"Alhamdu lillahi," ta ce, ta ci gaba da taka keke.

Wata bakwai ta yi. Ta sha magani, ta sha addu'a, ba ta sake tambayarsa ba. Masu zuwa ta'aziyya suka yi ta yabon imaninta, wai mace ce da ba ta tone-tone. Ya yi musu godiya, ya lura cewa mafi yawan masu yabon ko sau ɗaya ba su leƙo ta tana kwance ba.

Bayan shekara biyu autarsu, malamar makaranta, ta fara ramewa. Agogo na zamewa a hannunta, in ta hau bene sai ta tsaya hutawa. Ya ce gobe za ta bi shi asibiti. Ta kirawo kawunta, yayan marigayiyar, mai sayar da tayoyin mota, mutumin da ya fi kowa sanin nufin Allah a kan lamarin wasu.

"Baba, ni ba za a tsira mini allura ba," in ji Auta. "Mama ta miƙa wa Allah lamarinta, ni ma haka."

"Ka ji mai hankali," in ji Kawu. "Kai da madubin naka me ka tsinana? Ka gani, ka hana?"

"Ban hana ba. Kai da ba ka gani ba fa, ka hana?"

"Subhanallahi! Saɓo za ka yi da girmanka?"

"Yaya, in an kawo maka taya, iskar kake aunawa, ko addu'a kake tofa mata ka ce direba ya kama hanya?"

Kawu ya ce ba dai da shi za a yi wannan rashin kunyar ba, amma bai tashi ba, don an riga an kawo shayi.

Uban ya kama hannun Auta ya kai ta ɗakin uwarta, ya buɗe kabad ɗin kaya. A cikin ƙofar akwai rubutu da allin tela, layi bisa layi, kwanan wata da lamba: 36, 35, 33, har zuwa 27. Bayan rasuwarta ya tarar da shi, bai kuma nuna wa kowa ba, don kunya.

"Awon ƙugunta ne," ya ce. "Duk Asabar take yi. Dubi kwanan farko. Sati uku kafin in ɗebi jininta. Ita ta fara gani, ita ta miƙo mini hannu in ɗebi jinin. Ni ne na yi mata ƙarya."

Auta ta bi lambobin da yatsa. Ta san yadda uwarta take rubuta bakwai, da ɗan layi a tsakiya. Can ƙasa, da ƙaramin rubutu, an sa: Auta, 31. A riƙa dubawa.

Tef ɗin awo na rataye a ƙusa inda aka bar shi. Ta zare shi, ta zagaya ƙugunta, ta duba. Ta sake zagayawa, ta sake dubawa. Ashirin da takwas.

"Ƙarfe nawa?" ta ce.

"Bakwai. Kada ki karya."

"Kuma in ka gani, gaskiya za ka faɗa mini."

"Ko ba daɗi."

Washegari ya ɗiga jinin 'yarsa a gilashi. Sau biyu zai duba, ya sa hannu, ya fita ya faɗa mata, ko mene ne. Ya daidaita madubi, kafin ya sunkuya ya tuna Tela da kekenta, da maganar da ya shafe wata bakwai yana ɗaga faɗa mata zuwa gobe: ran nan dubawa biyun farko ne kawai aiki, Tela. Sauran bakwai ɗin roƙo nake yi, irin naki.