Ƙasarin Laraba

Goɗiyar da Labaran mai karo, wato keken doki, ya sayo a Omdurman ta sha bulala a hannun mai ita na da, shi ya sa ba ta yarda da kowa. Ga gyambo a bayanta yana ruɓa, in ba a wanke ba sai mutuwa. Labaran ya matso da igiya, ta harbe shi.

"Malam, da igiya ake gaida majiyyaci?" in ji matarsa Laraba. "Matsa can."

Ita ce kullum ke kai mata ƙasarin dawa, ta tsaya har goɗiyar ta shanye. Alheri danƙo ne. Labaran yana kallo Laraba ta wanke gyambon da ruwan gishiri, goɗiyar na rawar jiki, amma ko ƙafa ba ta ɗaga ba.