Dogo a Kan Rufin Bas

Cikin tayoyin da Dogo ya ɗora kan juna ya taka, ta uku ce ta zame. Ya ji ƙafarsa ta yi gabas, hannunsa mai riƙe da bindigar fenti ya yi yamma, sai ga shi zaune daɓas a ƙasa, fenti ruwan ɗorawa ya ja layi a bangon gareji tun daga taga har ƙofa.

Bakaniken da suke raba rumfar garejin ya leƙo daga ƙarƙashin wata mota. "Ka sauka lafiya?"

"Da ma saukowa zan yi."

Dogo sunan zolaya ne. Mutumin gajere ne na gaske, irin wanda in ya zauna a kujerar direba sai a ɗauka motar ce ke tuƙa kanta. A fenti kuwa hannunsa ba ya kuskure. Rufi ne kawai matsalarsa. Ƙananan motoci yakan taka benci ya kai. Manyan, sai ya fesa iya inda hannu ya tsaya, sauran ya bar wa tsuntsaye, tunda su kaɗai ke gani.

Wannan karon dabarar ba za ta yi ba. Bas ce ta wata makarantar yara, mai tsayi kamar shago, kuma shugabar makarantar ta gama magana tun ranar da ta kawo ta: "Malam, ofishina a bene yake. Ni rufin nake kallo kullum. In ya yi kyau, sauran motocinmu naka ne." Yau da yamma za ta zo dubawa.

"Je ka aro tsani wurin mai walda mana," in ji bakanike.

"Tsani zai karce gefen da na fesa jiya. Kuma ni da mutumin nan ba ma magana tun ranar da ya jingina gwiwar hannunsa a kaina yana waya."

Dogo ya tsaya yana kallon bas ɗin, can sai fuskarsa ta washe. Ya tuɓe takalma, ya rataya tiyon iska a kafaɗa, ya taka tayar gaba, ya kama ƙarfen madubi, ya haye rufin da rarrafe. Da ya miƙe tsaye, a karon farko a rayuwarsa ya ga tsakiyar kan bakanike.

"Kai, ashe sanƙo gare ka!"

"Yi abin da ya kai ka."

Ya ja takunkumi ya rufe hanci, ya fara aiki yadda ya saba a kowace ƙofar mota: gefe-gefe tukuna, sannan tsakiya. Yana fesawa yana ja da baya, yana zagayawa, har da 'yar waƙarsa a cikin takunkumi. Fentin na kwanciya sumul kamar an zuba mai. Sai da ya zo fesa yatsun ƙafarsa sannan ya tsaya. Gabansa ɗanyen fenti, bayansa ɗanyen fenti, dama da hagu haka. Busasshen wurin da ya rage bai wuce faɗin faranti ba, kuma a kansa yake tsaye.

"Bakanike," ya kira a hankali. "Ɗan zo."

Bakanike ya fito, ya duba, ya koma ya zauna a kan taya don dariyar ta fi ƙarfin ƙafafunsa. Da ya samu numfashi ya ce, "Yi tsalle."

"A kan siminti? Ina da iyali!"

"To tako ka sauko."

"In ɓata aikin? Gara in kwana a nan."

Dariyar ce ta jawo mai walda, mutum zanƙalele kamar turken lantarki. Ya ɗaga kai ya dubi Dogo, abin da bai taɓa yi ba.

"Sannu, yaya," ya ce. "Girma ya zo."

Shi ne dai ya kawo shawara. A saman rumfar akwai dogon ƙarfe da ya ratsa daga bango zuwa bango, a jikinsa sarƙar ɗaga injin mota take gudu, da ƙugiya a bakinta. Suka tura ta da bututu har ta tsaya saitin Dogo, suka jefa masa igiyar jan mota. Ya ɗaura a ƙirji ta ƙarƙashin hammata, ya maƙala a ƙugiyar, bakinsa na ta addu'a.

"Wannan sarƙar ta ɗaga injin tirela," in ji bakanike. "Kai ko ji ba za ta yi ba."

Ya ja. Dogo ya tashi sama yana juyawa a hankali kamar kaya a ƙugiyar mahauci. Da juyin ya kawo shi daidai, ya miƙa hannu ya fesa ɗan wurin da ya rage. Ko alamar sawu babu. Suka turo shi gefe har ya wuce bas ɗin, bakanike ya ja ɗaya sarƙar don ya sauke shi. Ta ce ƙas, ta tsaya. Ya sake ja. Ko motsi.

A daidai nan shugabar makarantar ta shigo, tun kafin lokacinta. Ta dubi bas, ta dubi mutumin da ke lilo a sama.

Dogo ya zare takunkumi. "Barka da zuwa, ranki ya daɗe. Ina duba aikin ne ta inda za ki riƙa ganinsa."

Ta jinjina kai. "Ban taɓa ganin mai fenti da ya damu haka ba. Gobe direba zai kawo ta biyu." Ta juya ta fita.

Bakanike da mai walda suka tafi neman man da zai saki sarƙar, kowa na dafe da cikinsa don dariya. Garejin ya yi tsit. Sai ga matar Dogo da kwanon abincin rana. Ta tsaya, ta kare ido da hannu, ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yi dariya ba. Ta jawo benci ta zauna, ta ajiye kwanon a cinya.

"Baban yara, zafi kake ji?"

"A'a. Ƙaiƙayi dai a baya."

"To madalla. Da ma akwai maganar da kullum in na ɗauko sai ka ce kana sauri."

Dogo ya wutsila ƙafa. Juyi ya tafi da shi ya fuskanci bango, ya dawo da shi gabanta. Tana nan.

"Babbar 'yarka ta gama makaranta, kuma ka san abin da take so. Fenti. Ta fente ƙofar kicin, ta fente keken ƙaninta, jiya na kama ta tana auna firij da ido. Ka koya mata, ko in wayi gari ta fente ni."

"Aikin nan ba na mata ba ne. Akwai haɗari."

Matar ta dube shi tun daga ƙugiya har yatsun ƙafa masu ruwan ɗorawa. Juyi ya sake tafiya da shi. Wannan karon ya daɗe yana kallon bango kafin ya dawo.

"Ni rabona da in tsaya kusa da ita tun bara," ya ce. "Ina tsayinta ya kai yanzu?"

"Danginmu ta biyo. Ita ke sauya ƙwan fitilar falo, ba ta taka komai."

Dogo ya dubi rufin bas ɗin, yana lilo.

"Ki ce ta zo gobe da safe," ya ce. "Ta sa tsofaffin kaya."

Matar ta buɗe kwanon, ta hau kan bencin, ta miƙa masa cokali.