Wadda Ke Kusa da Ni'imatu

Shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai muna aji bakwai a firamaren Tambuwal, ni da Bara'atu benci ɗaya. Goggonta ce ta rene ta a Kebbe, ta zo nan ne don makarantarsu ta tsaya a aji huɗu. Burinta ta zama unguwarzoma. In ta ci jarrabawar shiga makarantar 'yammata, hanya ta buɗe. In ta faɗi, sai komawa Kebbe, karatu ya ƙare.

Lissafi ba ya ba ta wahala. Turanci ne matsalarta, don da ƙirar Hausa take gina shi. Akuya da rana duk *she* take ce musu. In ta ambaci yarinya sai ta ƙara wakilin suna a bayanta: *The girl she went.*

Malam Jumare ne malamin Turancinmu, kuma Bara'atu 'yarsa ce ta fari. Mutanenmu suna kunyar ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a yi masa magana kai tsaye a gaban jama'a. Malam ya riƙe wannan sosai. Yakan bi benci benci yana gyara wa kowa, in ya zo kanta sai ya wuce kamar ba kowa a wurin.

Da jarrabawa ta matso, sai ya fara tsayawa a kaina.

"Ni'imatu! Akuya goggonki ta, da za ki ce mata *she*?"

Aji ya fashe da dariya. Na duba aikina, ban rubuta haka ba. Washegari kuma: "Ni'imatu, kin ambaci yarinya, mi ya kawo wakilin suna? Sarki ta, da sai da zagi a gefen doki?"

Yara suka sa mini suna Goggon Akuya. Nakan koma gida in ƙi cin abinci. Sai daga baya na lura cewa duk sanda yake yi mini faɗa, idonsa na kan aikin Bara'atu, ita kuwa tana gogewa a hankali tana gyarawa.

Amma dabarar ba ta wadatar ba. Tana gyara abin da aka faɗa, ba ta san dalili ba, kuma ba ta da bakin tambaya. A gwajin ƙarshe ta sake faɗuwa. A bakin rijiyar makaranta ta ce mini, "Na fara haɗa kayana. Goggo ko tana murna, ta samu mai daka."

Ni ba mai magana ba ce a aji. Amma ranar Litinin da ya tsaya a kaina ya fara, sai na miƙe.

"Malam, wanga kuskure ba nawa ba na. Kuma mai shi ba ta gane ba. Tana son ta tambaya."

Bara'atu ta rufe fuska da gyale. Malam ya taka zuwa taga, ya daɗe yana kallon kukar da ke bakin fili. Bai juyo ba ya ce, "Wadda ke kusa da Ni'imatu, mi ne ba ki gane ba?"

Bara'atu ta ce, "Don mi Hausa ta yarda, Turanci ya ƙi?"

Ya ɗauki alli. Ya rubuta jimlar Hausa a sama, ta Turanci a ƙasa, ya ja layi daga kalma zuwa kalma har ya nuna inda ɗaya ta rage ba abokiya. Ta sake tambaya, ya amsa. Allo yake kallo, ita tana kallon benci, amma da juna suke magana. Haka suka yi kullum har ranar da babbar mota ta zo ta kwashe mu zuwa wurin jarrabawa.

Sakamako ya zo bayan an yanke gero. Malam ya shigo aji, ya tsaya yana gyara hularsa.

"Ni'imatu ta ci," ya ce. Ya yi gyaran murya. "Ita da wadda ke kusa da ita."

Ya juya allo da sauri, ya kama goge wurin da babu rubutu.