Okka a Kan Rufi

Tun ina saurayi nake aikin kafinta a shagon Eilert Saathoff, kuma ban taɓa ganin an ɗora rufin gida a yankinmu ba tare da babban kafinta ya hau can ƙololuwa ya sha barasa ba. Haka muka taras. Ranar da aka gama kafa katakon rufi, mai gida zai tara dangi da maƙwabta, a rataye kambun ganye a sama, babban kafinta ya hau ya yi wa gidan fatan alheri. Zai sha ɗan kofi don mai gida, ya sha don ma'aikata, ya sha don gidan kansa, sannan ya jefo kofin ƙasa. In ya fashe, gida ya yi albarka. In bai fashe ba, tsofaffi su fara kallon juna.

Bara shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Eilert, shago ya koma hannun 'yarsa Okka. Aiki kam ta iya. Ni na koya mata riƙe zarto, yanzu kuwa ta fi ni ido, ko da yake ba na faɗa a gabanta. Damuwarta cikinta ne. Likitoci sun leƙa ta sama sun leƙa ta ƙasa, suka ce ba ƙari ba gyambo, hanji ne kawai mai saurin harzuƙa, sai ta koyi zama da shi. Ta kuwa koya. Ta bar albasa, ta bar wake, ta bar gahawar safe. Abin da mutanenmu suka kasa ganewa shi ne barasa. Wasu masu irin ciwon suna kurɓa su kwana lafiya, amma ita abin da bai cika cokali ba ya isa ya murɗe mata ciki, ya tura ta bayan gida tana gumi. A nan kuwa, in ka ce ba ka sha, sai a tambaye ka ko mutuwa aka yi maka.

Gidan farko da ta ɗora wa rufi da sunanta na Fokko de Buhr ne, wani manomi mai shanu da taurin kai, wanda yake gina wa 'yarsa Hilke a gefen gonarsa. Ya faɗa a gaban mutane cewa don darajar Eilert ya ba mu aikin, zai ga ko yarinyar za ta iya tsayawa inda ubanta ya tsaya. Kowa ya san abin da yake nufi. Wanda ya tsaya a kan rufi ranar biki, shi ne mai shago a idon gari.

Da safen ranar bikin muna ɗaure kambun a bayan mota na ciro wata kwalba na nuna mata. Irin wadda Fokko zai kawo ce sak, ta barasar hatsi fara tas, sai dai ni da ruwan famfo na cika tawa.

"Kina hawa zan sauya miki," na ce. "Daga ƙasa wa zai gane?"

Ta dubi kwalbar, ta dube ni. "Kawu Renke, ashe da tsufanka ka iya sata."

"Ba sata ba ce, dabara ce."

"To, in na sauko fa? Kowane tsoho zai miƙo mini kofi ya ce ai mun ga kin sha a sama. Gida na gaba ma haka. Sai in yi shekara talatin ina yawo da ruwan famfo a ɓoye kamar mai laifi?"

"To ni in hau. Ki ce muryarki ta dishe."

"Ka hau, gobe a ce shagon Saathoff na Renke ne, 'yar tana riƙe masa ƙusa." Ta ɗaure igiyar ta ja da ƙarfi. "Ni zan hau, kuma ba zan sha ba."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ina son yarinyar nan kamar ni na haife ta, kuma na ga tana shirin jefa kanta a bakin mutanen da ban yarda da bakinsu ba. Na mayar da kwalbata ƙarƙashin kujera ina gunaguni.

Da rana mutane suka cika filin. An yi ruwa duk makon, ƙasa ta zama taɓo, an shimfiɗa katakai ana takawa. Matan gidan sun kawo tukunyar miyar wake da tsiran nama, ƙamshi ya cika wurin. An turo Eilert a kekensa, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo. Okka ta fito cikin baƙaƙen kayan kafintoci da faffaɗar hula. Fokko da hannunsa ya ba ta kwalba da ɗan kofin gilashi a gindin tsani.

"Ubanki bai taɓa barin ɗigo ba," ya ce mata.

"Na sani, Kawu Fokko."

Ta hau. Ni ina bayanta, na tsaya a kan katakon da ke ƙasa da nata, don haka ni kaɗai na ga hannunta ɗaya yana danne da cikinta. Ba ta sha komai ba tukuna, fargaba kaɗai ta tayar mata da shi. Ta yi jawabin da aka saba, ta gode wa mai gida da magina, ta roƙa wa gidan tsari daga wuta da ambaliya. Muryarta ba ta girgiza ba. Sannan ta cika kofin ta ɗaga shi.

"Jama'a, wannan ba zai shiga cikina ba," ta ce. "Ina da ciwon hanji. Ko kurɓi ɗaya na yi, sai na biya."



"Haba, 'yata," in ji Fokko daga ƙasa. "Ɗan wannan? Ai magani ne. Da shi muke gyara ciki."

"Naka cikin, Kawu. Nawa ba ya jin wannan yaren."

"Jiƙa leɓe kawai. Gidan 'yata ne, ba rumbun ciyawa ba."

"Na gwada jiƙa leɓen a bikin Kirsimeti, ka tambayi Hilke inda na ƙarasa yinin." Ta leƙo shi ta ƙarƙashin hularta. "Tsanin nan dogo ne, bayan gida kuma yana can bakin titi. Ka zaɓi abin da kake so ya faɗo wa gidan 'yarka daga nan sama. Ni dai kofi na yi niyya."

Hilke ce ta fara fashewa da dariya, matasa suka bi ta. Tsofaffi ba su yi ba. Fokko ya haɗe rai, kunnuwansa suka yi ja.

Okka ba ta jira izininsa ba. Ta ce don mai gida, ta tsiyaye kofin a kan babban katakon tsakiya. Ta sake cikawa don ma'aikata, ta tsiyaye. Na ƙarshe don gidan, shi ma ta bar katako ya sha. Sannan ta auna tarin bulo da ke ƙasa ta jefa kofin.

Iskarmu ta bakin teku ba ta da kunya. Ta ɗauke kofin ta kauce da shi, ya faɗa cikin taɓo ya zauna lafiya lau, ko tsagewa bai yi ba.

Na ji wata tsohuwa ta ce, "Ka gani ko." Na dubi Eilert, ya sunkuyar da kai, hannunsa mai lafiya yana murza bargon.

"Bari in ɗauko miki," na raɗa mata.

"Matsa mini, Kawu."

Ta sauko tsanin nan mataki-mataki, fuskarta ta yi fari, gumi yana bin gefen kunnenta. Ta ratsa mutane, ta shiga taɓon har idon sawu, ta zaro kofin ta goge shi da hannun riga. Wani ya ce ai ba a jefawa sau biyu. Ta ce ya nuna mata wanda ya hana. Ta koma ta hau. Na san abin da kowane mataki yake ci mata, don na ga yadda take tsayawa tana haɗe haƙora kafin ta ɗaga ƙafa. Da ta kai sama ta jira iska ta lafa, ta ɗaga hannu ta maka kofin a kan bulo. Ya tarwatse.

Aka yi tafi, har da wasu tsofaffin. Amma biki bai ƙare ba, saura ƙusar ƙarshe wadda mai gida yake bugawa, kuma dole babban kafinta ya miƙa masa guduma ya tsaya a gefensa har ya gama. Fokko kuwa an san shi da jan wannan abu. A bikin gidan ƙanensa sai da ya yi ta kuskure da gangan yana ba da labarin kakansa, miya ta huce.

Okka ta sake saukowa, ina biye da ita, ta miƙa masa gudumar. Ta tsaya ƙyam, hannayenta a baya, ta matse su har yatsun sun yi fari. Ba ta roƙe shi ya yi sauri ba. Fokko ya saita ƙusar, ya buɗe baki zai fara labarinsa, sai ya dubi fuskarta da kyau. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin dabbobi ya san mai ciwo in ya gan shi. Ya rufe bakin. Ya ɗaga guduma ya nutsar da ƙusar nan da nan, kamar mai gyaran shinge ana ruwa.

Ya mayar mata da gudumar, ya rage murya yadda ni da ita kaɗai muka ji.

"Je ki. Ni zan tsare miki su."

Ya juya ya fara kiran mutane su zo ga miya, yana ɗaga murya fiye da yadda ake bukata. Okka ta rataye gudumarta a ƙugu, ta bi katakan da aka shimfiɗa zuwa bakin titi, ta wuce ta gaban keken ubanta. Tafiya take, ba ta yi gudu ba.