Takarda Marar Suna

Shugaban makaranta ya turo mata takardar da ɗan yatsa ɗaya, kamar mai ture mataccen kyankyaso.

"Malama, rubutun wane ne wannan?"

Tun kafin ta ɗauka ta gane takardar. Mako shida ke nan tana karantar da 'yan ajin ƙarshe wani tsohon ƙagaggen labari, na wata ƙasa inda hukuma ke sauraron ko tarin mutum, maƙwabci yana kai ƙarar maƙwabci. Ta yi juyin duniya su buɗe baki su yi muhawara, su kuwa sun saba a ba su amsa su haddace. Da ta gaji, sai ta ce kowa ya yago takarda ya rubuta inda ya taɓa ganin irin wannan rayuwa, kada ya sa suna. Har da dafa ƙirji ta yi musu, cewa babu mai gani sai ita.

Sai ta cusa takardun cikin rajistar aji, ta manta ran Alhamis ake kai rajista ofis. Shekara goma sha ɗaya tana koyarwa, ta tafka kuskuren da ko sabon malami zai ji kunyarsa.

Layi uku ne kawai a takardar: "A makarantar nan na gani. Monita yana rubuta sunan duk wanda ya yi magana. Akwatin ƙorafi kuma a ƙarƙashin tagar Shugaba yake, don a ga mai sakawa."

"Ranka ya daɗe, darasi ne," in ji ta. "Littafin yana cikin manhaja."

"Manhaja ta ce a karanta, ba ta ce a ci mutuncina ba. Ke kike duba littattafansu, kin san hannun kowa. Ko ki ba ni suna, ko ki karɓi takardar sallama yau ɗin nan."

Ta san hannun kuwa. Rubutu ne mai kwantawa hagu, na yarinyar da ajin ke kira Uwar Tambaya, wadda ita kaɗai ta karance littafin har ƙarshe, ta dawo tana cewa ya hana ta cin abinci. Saura mako uku jarrabawa. Malama ta tuna 'ya'yanta biyu, ta tuna tsohuwarta da ke kwance a gida, ta faɗi sunan. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne yadda ya fito ba wuya, ko sarƙewa muryarta ba ta yi ba.

Washegari a taron safe aka kira yarinyar gaban kowa, aka kore ta na wata guda. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki jakarta, ta wuce ta gaban layin malamai, har ta rusuna ta ce, "Sai an jima, Malama."

Ƙarfe goma Malama ta shiga ajin. Ta rubuta a allo tambayar da ta tsara tun makon jiya: me ya sa mutanen kirki a littafin suke ba da sunan wasu?

"Wa zai fara?"

Kai arba'in suka sunkuya. Ta kira wannan, ta kira wancan, kowa ya ce bai sani ba. Monita yana riƙe da biro, takardarsa fara fat. Mako shida tana neman su fahimci littafin, ga shi sun fahimta a safiya ɗaya, kuma ita ce ta koya musu.

Shugaba ya zo wucewa, ya leƙo ta taga, ya saurari shirun, ya gyaɗa kai.

"Yawwa, Malama. Yanzu na ga aji."

Ta ce, "Na gode, ranka ya daɗe."