Hular Kwanon Lemuel Haskins

Tun ranar da Koci Royce Dunlap ya sauko daga mota sanye da wandon soja mai dabbare-dabbare, Saje Odell Crenshaw ya gama karanta shi. Wandon sabo ne fil, har da karin guga. Odell ya yi shekara ashirin da biyu cikin kaki, ya baro yatsu biyu na hannun hagu a Iraƙi, kuma bai taɓa ganin mai goge irin wannan wando ba sai wanda zai je ɗaukar hoto.

Shekara goma sha ɗaya ke nan Odell yana riƙe da ɗakin kayan 'yan ƙwallon Amurka a Kwalejin Sojoji ta Marlow Ridge, can cikin tsaunukan Virginia. Shi ke wanke riguna, shi ke gyaran hulunan kwano, ya san lambar takalmin kowane ɗalibi. Koci huɗu sun zo sun tafi a gabansa, amma babu mai bakin wannan.

"Daga yau an daina wasa," in ji Dunlap ran da ya fara tara 'yan wasan. "Kowace Asabar yaƙi za mu fita! Wanda bai shirya mutuwa ba, ga ƙofa."

Wannan magana yake faɗa wa samarin da nan da 'yan watanni za a liƙa wa anini a tura su inda harsashi ke tashi da gaske. Odell ya ci gaba da ninke tawul. Ya tabbata abu mafi ƙara da ya taɓa fashewa kusa da mutumin nan tayar mota ce.

Ƙattin samari ba sa zuwa makarantar soja, manyan jami'o'i suke tafiya. Shi ya sa tun kaka da kakanni Marlow Ridge ke rungume ƙwallo ta yi ta kutsawa a ƙasa, taku uku, taku huɗu, har abokan karawa su gaji. Dunlap ya ce wannan wasan tsofaffi ne, shi sama za a riƙa jefa ta. Tsofaffin ɗalibai masu zuwa gasa haƙarƙari a bayan motocinsu ranar wasa, tumbi a gaba, zoben makaranta ya nutse a yatsa, suka yi ta tafi. Sun ce an samo mutum na zamani.

Aka lallasa su a wasan farko, abokan karawa maki arba'in da ɗaya, su goma. Aka sake. Aka kuma. Kafin ganyen itatuwa ya gama zuba sun sha kashi sau bakwai a jere, kuma duk bayan wasa sai Dunlap ya gyara hula a gaban 'yan jarida ya ce, "Tsarin babu laifi. Zuciya ce yaran ba su da ita." Samarin da ke tashi ƙarfe biyar da rabi, su yi fareti, su zauna jarrabawar lissafi, sannan su zo a yi ta tattake su saboda wayonsa.

Wanda ya fi kowa shan tattakar shi ne mai jefa ƙwallon, Lemuel Haskins, ɗan ajin ƙarshe, ɗan wani manomin taba daga Carolina. Ba ya magana sai "To, yallaɓai."

A wasa na takwas, da rana tsaka a filin gida, ana dab da hutun rabin lokaci, wani ƙato ya yi sama da Lemuel ya buga kansa da ƙasa. Ya tashi da kansa, sai dai bencin abokan karawa ya nufa. Da aka jawo shi, likitar ƙungiyar, Manjo Bernice Tolliver, ta tambaye shi yau wace rana.

"Talata, ranki ya daɗe."

"Ka gama na yau," in ji ta. Ana kiranta ga wani da ya karye a idon sawu, sai ta juya ga Odell. "Saje, kada yaron nan ya koma."

Odell ya zare hular kwanon daga hannun Lemuel, ya jefa ta akwatin ƙarfe, ya danna kwaɗo, ya zauna a kai.

Da aka dawo hutu sai ga Dunlap, fuska ja wur.

"Haskins! Za ka iya ko ba za ka iya ba?"

"Zan iya, Koci."

"Kun ji namiji! Ina hularsa?"

"Tana ƙarƙashina," in ji Odell.

"Tashi ka ba shi."

"Manjo ta ce ya gama."

"Manjo ce koci ko ni? Kai da ka ce ka yi soja, a fagen fama ana ajiye bindiga don ɗan ciwon kai?"

Odell ya dube shi tun daga hula har takalmi, bai ko ɗaga murya ba.

"Wane fagen fama ka taɓa gani, Koci? Na talabijin? A can wanda bai san ranar da yake ciki ba, karɓe bindigar ake yi kafin ya harbe ɗan'uwansa. Kai dai je ka ci gaba da yaƙinka, ana binka maki ashirin da huɗu."

Dunlap ya juya ga 'yan benci. "Wani ya ba shi tasa! Kai, Pickett, cire!"

Pickett ya kafe ido a kan ciyawa. Samari hamsin da aka horar su bi umarni kafin a rufe baki, babu wanda ya ɗaga hannu zuwa haɓa don kwance hularsa. Alƙalin wasa ya busa usur, dole Dunlap ya tura wani. Aka tashi abokan karawa na da talatin da takwas, su shida.

Washegari aka ɗauki hoton kan Lemuel a asibiti. Likitoci suka ce da ya sake buguwa a ranar, ba anini kaɗai zai rasa ba. Ya yi mako uku a ɗaki mai duhu, ba karatu, ba fareti.

Ranar Litinin Janar, shugaban kwalejin, ya kira Odell ofis. A kan tebur akwai takardar gargaɗi: ya ci mutuncin na gaba da shi a gaban ɗalibai.

"Gaskiyarka ce, Saje," in ji Janar yana kallon taga, "amma ka san tsari."

"Na sani, yallaɓai." Odell ya sa hannu. Bai tambayi ko akwai wata takardar mai sunan Dunlap ba, don tebur ɗin babu komai a kai sai tasa.

Kakar ta ƙare da nasara ɗaya, kashi goma. Dunlap bai jira an kore shi ba. Kafin Kirsimeti wata babbar jami'a a Texas ta ɗauke shi mataimakin koci, jaridar can ta rubuta cewa ya zo da tarbiyyar soja. Odell ya karanta a tsaye, ya shimfiɗa shafin ƙarƙashin gwangwanin fenti.

A watan Mayu Lemuel ya fita da anininsa, aka tura shi rundunar injiniyoyi. Bayan bikin yaye ɗalibai ya sauko ɗakin kaya da mahaifinsa, dogon tsoho mai hannu kamar itace. Tsohon ya riƙe hannun Odell ya daɗe bai saki ba, sannan ya ce sun zo masa da kwalbar zuma daga gida, tana mota, bari ya ɗauko.