Ba Wurin Begila a Cikin Fiyanona

Tun kafin uwar Manaja ta yi aure nake kaɗa fiyano, na katako, mai ƙafa uku, wanda sai ƙarti sun haɗu suke iya matsar da shi. Ban taɓa zama a aji ba, kuma waɗannan ɗige-ɗigen da masu makaranta ke kallo a takarda kafin su taɓa kiɗa, ni kashin ƙuda nake ganinsu. Kunne Allah ya ba ni. Otal ɗin da na fara aiki ya kama da wuta ina ciki, na fito da gira a babbake. Motar ƙungiyarmu ta makaɗa ta wuntsila da mu, ta taga aka jawo ni, ɗan yatsana na hagu har yau a karkace yake, kuma da shi nake kunyata masu yatsu lafiyayyu. Duk wanda muka fara tare ya mutu ko ya koma gida jiran mutuwa, saura ni da Kumatu mai busa begila.

Manaja ɗan ƙanwata ne. Shi ke riƙe da ƙungiyarmu yanzu, shi ke karɓo aiki, shi ke tuƙa mota. Ni na goye shi yana majina, amma yau shi ke gaya mini ƙarfe nawa zan zo.

Tsohon fiyanon lantarkina ya mutu ana saura kwanaki kaɗan wata babbar liyafar aure a zauren otal. Manaja ya sayo wani na hannu, muka ɗauke shi zuwa shagon Mai Gyara don a zuba masa sauti. Shagon kamar akurki, matattun sifiku jibge har rufi, warin dalma, fanka tana juyi tana kuka ba ta ba kowa iska.

Mai Gyara ya ce, “Baba, fiyano biyu gare ni da za su shiga wannan, babba da ƙarami. Sai ka zaɓa.”

Na ce, “Wane irin babba? Akwatin ai ɗaya ne.”

Ya yi mini bayani, kuma na gane tun kafin ya rufe baki. Ashe fiyanon gaske suke samu su naɗi muryarsa. A babban, kowane haƙorin fiyano, wato abin da ake dannawa, sun naɗe shi daban, an taɓa shi a hankali, an taɓa shi tsaka-tsaki, an doke shi da ƙarfi, kuma an bar kowace murya ta yi ta tafiya har ta mutu da kanta. A ƙaramin kuwa haƙora kaɗan suka naɗa, suka ja muryarsu ta rufe na maƙwabta, suka datse wutsiyar suka sa guntun yana maimaita kansa.

Ya sa mini ƙaramin. Na danna haƙori na can ƙasa na riƙe. Ya fara kamar abin kirki, sai na ji shi yana zagaye wuri ɗaya kamar sauro a cikin kwalba. Ya sa babban. Na danna wannan haƙorin dai, na ji katako, na ji waya tana rawa, har ƙarar 'yar gudumar da ke dukanta na ji. Sai da na rufe ido.

Manaja ya ce, “Kawu, a zaure cike da mutane, ga ganga, ga cokula, wa zai ji wannan bambancin? Ƙaramin ma ya fi fita a sifika.”

Abin da ya ƙara ba ni haushi, wannan maganar tasa ba duka ce ƙarya ba. Na buɗe baki zan zage shi, sai ya juya wurin Mai Gyara.

“Sa ƙaramin. Babban zai cinye cikin na'urar duka. Ina son wuri ya ragu a zuba goge da begila.”

Na ce, “A zuba me?”

Ya kau da kai yana kallon matattun sifiku.

“Begila na ji ka ce. Muna da mai begila.”

“Kawu, Baba Kumatu numfashinsa ya ƙare. Kai ma ka sani. In yana busa, tsayawa yake yana haki kamar wanda ya hau bene. Kai sai ka riƙa yi mana begilar da hannun dama, shi kuma ya huta.”

Ka ji ɗan banza! Wato da hannuna za a kori mutumin da ya jawo ni ta tagar mota. Ni zan danna roba ta yi kukan begila, shi yana gida yana kallon bango.

Na ce, “Don ubanka, wanda na san shi tun ba shi da takalmi, ni mai fiyano ne. In ƙaramin nan ya shiga akwatin nan, ka nemo wanda zai kaɗa maka ranar liyafa.”

Ya san babu. Ya cije leɓe ya ce, “To, a sa babban. Amma in aka samu matsala ko ɗaya a liyafar nan, washegari za a goge shi, a sa ƙarami da begila, kuma ba na son jin wata magana.”

Na ce na yarda. Mai Gyara ya ɗaga hannu.

“Baba, ka ji aibinsa tukuna. Babban nauyin barci gare shi. In wuta ta ɗauke, kafin ya farka ka shanye kofin shayi mai zafi. Ƙaramin kuwa kana kunnawa ya tashi.”

Na ce, “Ni gobara ba ta kashe ni ba, sai ɗaukewar wuta?”

A garejin da muke gwaji ban gaya wa Kumatu komai ba. Ya zagaya sabon fiyanon yana taɓe baki, ya ce, “Tsoho, an sayo maka abin wasan yara?” Na ce ya je ya nemo haƙoransa na gaba tukuna, sannan ya yi magana a kan haƙoran fiyano.

Ranar liyafa da la'asar zaure ya cika. Tebura da fararen ƙyallaye, masu rabon abinci suna ratsawa da faranti, yara suna tsalle a kan wayoyinmu. Na kunna fiyano tun da wuri, ya farka, na kaɗa musu abin da ba su cancanta ba, suna ta tauna. Sai aka yi mana alama amarya ta iso bakin ƙofa, hannunta cikin na mahaifinta. Ni zan buɗe waƙar shigowarta, ni kaɗai, kafin kowa ya shigo. Na ɗaga hannu.

Ɗif. Wuta ta ɗauke.

Janareta bai ɓata lokaci ba, ya tashi. Fitilu suka dawo, sifiku suka yi tari, makirufo ya dawo. Fiyanona kuwa sai wani ɗan layi mai nuna farkawarsa yana rarrafe a fuskarsa. Na danna haƙori, shiru. Na doke shi, shiru. Amarya tana tsaye, mutane sun miƙe sun juya, masu ɗaukar hoto sun ɗaga wayoyi. Manaja ya matso kusa da kunnena.

“Kawu, ka gani? Ka gani ko?”

Na ce, “Matsa ka ba ni wuri kafin in fasa maka baki a gaban jama'a.”

Layin bai kai ko rabi ba. Sai na ji ƙarar kujera a bayana. Kumatu ne ya miƙe, ya goge bakin begilarsa da hannun riga, bai ko kalli makirufo ba, ya ɗauki waƙar daga farkonta.

Ba zan yi ƙarya don abota ba, a wuri mai tsayi muryar ta tsage. Amma ta cika zauren har bango, cokula suka tsaya, amarya ta fara takowa. Ina kallon kumatunsa sun kumbura, jijiyar wuyansa ta tashi, ina kallon layina. Amarya ta kai tsakiyar zaure, na ji numfashinsa yana ƙarewa, yana jan muryar kamar mai jan guga da igiya ta kusa tsinkewa. Daidai inda ya saki, fuskar fiyano ta yi haske. Na sauke karkataccen yatsana a haƙorin can ƙasa, na taka feda, muryar ta fita ta yi ta tafiya ba ta zagaye ba, na ɗora sauran waƙar a kanta. Wanda bai sani ba sai ya rantse haka muka shirya.

Da aka tashi, mahaifin amarya ya zo har inda muke naɗe wayoyi. Ya wuce ni, ni da na kaɗa tun azahar, ya kama hannun Kumatu da hannu biyu. Ya gaya wa Manaja auren ƙanwar amarya ma yana tafe, kuma in ba da wannan dattijon mai begila ba, kada mu zo.

A mota, mun kusa gareji ke nan, Manaja ya ce, “Baba Kumatu yana nan. Babban fiyanon ma a bar shi, tun da ba abin da za a zuba. Amma gobe zan sayo batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, kuma Kawu, kai ka zaɓi babba, kai za ka riƙa ɗaukar kayansa.”

Batirin nan nauyinsa ya kai na jaki matacce. Ni nake hawa da shi matakala a kowane zaure, da shekaruna, da yatsana. Kumatu yana biye da ni da 'yar jakar begilarsa a hammata, yana gaya wa duk wanda ya tsaya yadda ya cece ni ranar da abin wasana ya yi barci. Jiya a matakala har cewa ya yi in yi sauri, ina tare masa hanya.